Tambayoyinku: Kaskon Bonsai da Zafin Damagaram

Saƙonnin da suka iso mana wannan karon sun karkata wuri guda, wato kaskon da ake dasa bonsai a ciki. Ga wanda kalmar ta zame masa baƙuwa, bonsai itace ne na sosai, kuka ko tsamiya ko cediya, da ake reno a kasko marar zurfi, ana rage masa saiwa ana datse rassa, har ya shekara 20 bai wuce kamu ɗaya ko biyu ba, amma in ka dube shi sai ka ga kamannin tsohon itacen bakin kasuwa. Kalmar ta Japanawa ce, ma'anarta shuka a cikin faranti, su kuma daga Sin suka ɗauko sana'ar. Magina da masu lambu na wannan fili ne suka haɗu suka amsa.

Tambaya: Ina sayar da furanni a Sabon Gari, kuma na fara renon cediya biyu. Duk inda na duba a intanet cewa ake kasko na kirki sai na Tokoname ko na Yixing, wai na jar ƙasa irin namu ba ya ƙarko. Dole ne sai na sa an kawo mini daga waje?

Amsa: Malam, mai da kuɗinka aljihu. Gaskiya ne Tokoname, garin magina a yankin Aichi na Japan, da Yixing a lardin Jiangsu na Sin, su ne suka yi suna a wannan fanni, kuma aikinsu ya ci sunan. Amma ka binciki abin da ya sa masu rubutun suke raina jar ƙasa. Sanyi ne. A Japan da Turai itacen yana kwana waje a lokacin da ruwa ke daskarewa. Kaskon da bai sha babbar wuta ba yana shan ruwa a jikinsa, ruwan ya koma ƙanƙara, ita kuwa ƙanƙara ta fi ruwa cin wuri da kusan kashi 9 cikin 100, sai ta ɓantare kaskon daga ciki. Shi ya sa suke gasa nasu a wutar da ta kai digiri 1,100 zuwa 1,200 a ma'aunin Salshiyas, har yumɓun ya haɗe kamar dutse ya kusa daina shan ruwa. To, wa ya taɓa ganin ruwa ya daskare a randa a Damagaram?

Tamu matsalar daban ce: zafi, ƙishi da gishirin ruwa. A Afrilu da Mayu zafin inuwa kan kai digiri 40 har ya haura, saiwar yawancin itatuwa kuwa tana fara jigata da zarar ƙasar da take ciki ta wuce wannan. Kasko siriri, mai duhun launi, marar zurfi, irin wanda ake yabo a hotuna, in ka ɗora shi a daɓen siminti da azahar dafa saiwa zai yi. Namu na jar ƙasa yana tsattsafo, kuma abin da ke sanyaya ruwan randa shi ne zai sanyaya saiwa. Illarsa ita ce ƙasa na saurin bushewa. Saboda haka abin da za ka nema kasko ne mai kauri, wanda ya gasu sosai, mai zurfin da ya ɗara na hoto. Mirriya tana nan ƙasa da kilomita 20 daga gari, kuma abin da maginanta ba su saba da shi ba siffar ce kawai, yumɓu kam sun fi mu saninsa.

In za ka saya, ɗora kaskon a tafin hannu ka ƙwanƙwasa shi da makulli. Gasasshe yana amsawa tar, ɗanye ko mai ɓoyayyar tsaga kuwa muryarsa a dushe take. Karce gindin da ƙusa, in gari ya zubo cikin sauƙi wuta ba ta ishe shi ba. Ajiye shi a kan tebur ka ga ko yana rawa. Daga ƙarshe zuba masa ruwa moɗa guda, duk inda ruwa ya kwanta bai sami hanyar fita ba, nan saiwa za ta ruɓe.

Tambaya: Ni malamin makaranta ne a Magariya. Ina da tsamiya mai tsawon santimita 45, kaurin gindinta santimita 4. Wane awo zan ba maginiya?

Amsa: Ƙa'idar da masu bonsai suka gada ita ce tsawon kasko ya zama kashi biyu cikin uku na tsawon itacen. In faɗin rassa ya fi tsawon, sai a yi lissafi da faɗin. Zurfi kuma daidai da kaurin gindin itacen a saman saiwa. Ga tsamiyarka wannan ya ba da tsawo 30, faɗi wajen 22, zurfi 4.

Biyun farko ka riƙe su, na ukun ka ninka shi. Lissafin mai sauƙi ne, Malam: kasko mai 30 da 22 da zurfi 4 yana ɗaukar ƙasa lita 2 da rabi da ƴan kai, in zurfin ya koma 8 ya haura lita 5. A bazara bambancin nan shi ne tsakanin itacen da zai jira ka ka taso daga aji da wanda za ka tarar ya zubar da ganye. A ganinmu, a ƙasar nan kada kaskon bonsai ya gaza zurfin santimita 7 komai ƙanƙantar itacen. In kana gudun kada ya yi wa ido nauyi, a sa bangon ya ɗan buɗe daga ƙasa zuwa sama, a yi masa ƙafafu gajeru, sai zurfin ya ɓuya. Ka kuma gaya mata awon ciki kake nufi, kuma bayan gashi. Kada ka tsaya faɗa da baki, yanka kwali daidai girman bakin kaskon, ka haɗa da guntun kara daidai zurfin, ka miƙa mata. Ka sa ta gina uku ko da ɗaya kake so, don wuta ba ta da alkawari.

Batun siffa kuwa na ido ne. Itace mai kakkauran gindi da kaushin ɓawo ya fi zama daram a kasko mai kusurwa huɗu, mai siririn jiki da lanƙwasa kuma a mai siffar ƙwai. Tsamiya mai laushin ganye mu dai mun fi son ta a mai siffar ƙwai. Wajen dashe kada ka kafa ta a tsakiya cif, matsa ta kaɗan gefe, ɓangaren da rassa suka fi tsawo ya sami fili.

Tambaya: Ni maginiya ce a Mirriya, ɗana ne ya rubuta mini wannan. Wani ya kawo mini hoto a salula na kasko mai kusurwa huɗu da ƴan ƙafafu, ya ce in gina masa biyar. Na gwada uku. Biyu sun tsage a kusurwa tun ba su ga wuta ba, ɗaya kuma gindinsa ya lotsa. Tulu da randa ba su taɓa yi mini haka ba.

Amsa: Inna, hannunki lafiya lau yake, siffar ce mai gardama. Tulu zagaye ne, in yana bushewa ko'ina tsukewa yake daidai wa daida, gindinsa mai lanƙwasa kuma yana ɗaukar nauyin kansa. Shimfiɗaɗɗen gindi ba shi da wannan gata. Bango ne ke riga shi bushewa, ya tsuke, ya ja, kusurwa ta biya bashin.

A fara daga haɗi. Tiya 3 ta garin yumɓu tankaɗaɗɗe, tiya 1 ta dakakken tsingaro, wanda girman ƙwayarsa bai wuce tsakin gero ba. In kaskon zai wuce santimita 35 a ƙara tsingaron da rabin tiya. Tsingaro ya riga ya sha wuta, ba ya sake tsukewa, shi ne ke riƙe allon yumɓu kada ya murɗe, kuma yana ba danshin ciki hanyar fita. In kin saba sa ƙaiƙayi ko kashin jaki a haɗin randa, nan ki bar su. Suna ƙonewa su bar ƴan ƙofofi a jikin tukunya, abin so ne ga ruwan sha, amma kaskon shuka da ake jiƙawa sau biyu a yini zai yi saurin rugurgujewa. Ki cuɗa sosai, ki ƙunshe a leda ya kwana bakwai.

Kafin gini ki san yawan tsukewar yumɓunki. Ki yi ɗan allo, ɗanki ya ja layi mai santimita 10 daidai a kansa, ya bushe, ki gasa shi tare da tukwanenki, a sake awo. In layin ya dawo 9.2, to yumɓun yana raguwa da kashi 8 cikin 100, kenan kaskon da ake so ya fito 30 sai a gina shi 32 da rabi. Kowane ramin yumɓu da nasa hali, shi ya sa ba mu ba da lamba ɗaya ga kowa ba.

Ki shimfiɗa tsumma a kan katako, ki ajiye sanduna biyu masu kaurin santimita 1 dama da hagu, ki murza yumɓun a tsakaninsu da guntun taɓarya ko kwalba har ya yi daidai da sandunan. Ki juya allon, ki sake murzawa ta gicciye, sannan ki danne fuska biyun da sakaina. Wannan dannewar ita ce maganin tsagar da ke ratsa tsakiyar gindi. Ki yanka gindi ɗaya da bango huɗu da taimakon kwali. Kada ki haɗa su nan take. Ki bari su yi tauri kamar sabulun wanki, farce na shiga amma yatsa ba ya lotsa su, sannan ki tara su biyar ɗin a leda ɗaya su kwana. Muna zaton nan aikinki ya sami tangarɗa: in bango ya fi gindi danshi ko da kaɗan ne, tsukewarsu ba za ta zo ɗaya ba, kuma a mahaɗa za su rabu.

Wajen haɗawa ki kakkarce bakin biyu da tsinke, ki shafa kunun yumɓu mai kauri, ki danna har kunun ya ɓullo. Ki murza igiyar yumɓu kamar kaurin ƙaramin yatsa, ki bi duk kusurwoyin ciki da ita, ki shafe ta ta saje. Kusurwar waje ki ɗan dakushe ta, mai kaifi ita ce ke fara ɓantarewa. Baki ya fi gindi faɗi da kamar santimita 1 ta kowane gefe, kuma kada leɓen ya lanƙwaso ciki, za ki ga dalili a tambaya ta ƙarshe.

Shi kuwa wanda ya lotsa, an tsayar da shi a kan ƙafafunsa ne yana ɗanye, tsakiya ba ta da mataimaki. Ki cika cikin da tsumma, ki kife shi, ki manna ƙafafu huɗu masu tsawon santimita 1 zuwa 1 da rabi a kusurwoyi, ki bar shi a kife har gindin ya ƙanƙame. In za ki tayar da shi, ki tura dunƙulen yumɓu a ƙarƙashin tsakiya. Babban kasko a yi masa ƙafa shida. Ramukan ruwa ma a lokacin taurin sabulu ake huda su: biyu ga kasko mai tsawon 30, kowanne faɗin santimita 2 zuwa 2 da rabi, guntun tiyo yana yanka su tsaf. Ki ƙara ƙanana huɗu kusa da kusurwoyi, waɗanda ƙusa za ta wuce, na wayar ɗaure itacen ne. Ki share tudun da huda ke tayarwa ta ciki, in ba haka ba zai tare ruwa kamar kunya a gona.

Sai bushewa, kuma a nan hunturu maƙiyi ne. Iskar da ke busar da wanki kafin a gama shanya za ta busar da leɓe gindi na jiƙe. Ki sa kaskon a ɗaki, a kan yashi ko takarda don ya iya jan jikinsa, ki lulluɓe da tsumma da leda kwana 5, ki cire ledar ki bar tsumman kwana 3, sannan ki buɗe shi a inuwa mako guda kina juya shi. Rana sai a ƙarshe.

In mai odar zai yarda da siffar ƙwai, aikin ya ragu da rabi. Ki gina tudun yumɓu mai wannan siffa ki gasa, ki barbaɗa masa toka, ki kifa allo ɗaya a bayansa kamar yadda ake gini a bayan tsohuwar tukunya. Babu kusurwa, babu mahaɗa. Ki dai cire shi da zarar ya iya tsayuwa, don in ya bushe a kan tudun zai matse shi ya tsage.

Tambaya: Daga wani matashi a Matamai. Na gasa kasake takwas a fili. Biyu sun fashe da ƙara tun wuta ba ta kankama ba. Sauran sun fito lafiya, amma bayan kwana goma sai ga ƴan ɓantarori a jikinsu, kowanne da farar ƙwaya a tsakiya. Mene ne wannan?

Amsa: Cuta biyu ce daban-daban, ɗan'uwa. Ta farko danshi ne. Yumɓun da ido ke gani busasshe yana iya riƙe ruwa a tsakiyar kaurinsa, musamman inda ƙafa ta haɗu da gindi. Da zafi ya kai digiri 100 ruwan ya zama tururi, in bai sami hanya ba sai ya yi wa kansa. Kara kaskon a kumatu, in ka ji sanyi bai bushe ba. Ranar gashi ka shanya su tun safe, sannan ka jera su kewaye da ƙaramar wuta awa 2 kana juyawa, har su yi zafin da hannu ba ya iya riƙewa, kafin su shiga matoya.

Ta biyu farar ƙasa ce da ke cikin yumɓun. Wuta tana mai da ƙwayoyinta ɗanyen farin da ba a kashe ba, shi kuma yana zuƙar danshin iska a hankali ya kumbura, ya ture abin da ke bisansa. Shi ya sa sai bayan kwanaki take bayyana. Gwajinta: ɗiga ruwan lemun tsami a kan farar ƙwayar da ka tsinta a ɗanyen yumɓu, in ta yi kumfa ita ce. Maganinta a dama yumɓun ya zama kunu, a tace shi da rariya mai ƙananan ido, a bari ya kwanta, a tsiyaye ruwan. Tankaɗen busasshen gari kaɗai ba ya kama ta duka. Wata dabara kuma, da kasake sun huce a nutsa su a ruwa yini guda, farin ya mutu a jiƙe kafin ya yi ɓarna. Tana rage asara amma ba ta kai tacewa ba.

Tunda ka taɓo gashi, ga abin da ya kamata ka sani. Yumɓu ba ya zama tukunya ta har abada sai ya kai wajen digiri 600, ƙasa da haka in ya daɗe a ruwa komawa laka zai yi. Wutar fili ta kara da itace tana kaiwa 600 zuwa 900, sai dai ba ta daɗewa a can, kuma gefen iska ya fi gefen lungu. Kaskon shuka yana son saman wannan awo. Ka yi gashin da yamma don idonka ya zama ma'auni: ja mai duhu wajen 650 ne, ja mai haske kamar garwashin da aka hura ya kusa 850 zuwa 900. Shi ake nema, kuma a riƙe shi aƙalla rabin awa. Ka jera kasaken a tsaye a kan gefensu, ko baki da baki da tsingaro a tsakani, kada shimfiɗaɗɗen gindi ya kwanta a ƙasa inda wuta ba ta ratsawa. In ka kewaye matoyar da katangar tubali mai tsawon mita 1, da ƙofofin wuta a ƙasa da rufin tsingaro a sama, za ka riƙe zafi fiye da da, itacen da za ka ƙona ma ya ragu. Kada kuma kwaɗayi ya kai ka nesa, jan yumɓu irin na tabki in ya haura digiri 1,100 yakan fara kumbura ya karkace.

Kada ka yi gaggawar buɗewa. A daidai digiri 573 yashin da ke cikin yumɓu yana canza girma farat ɗaya, a hawa da kuma a sauka. Kasko mai faɗi in iska ta bugi gefe ɗaya a wannan gaɓa, siririyar tsaga za ta ratsa shi, wadda ba a gani sai an ƙwanƙwasa. Bar su cikin toka su kwana.

Tambaya: Daga wata Hajiya a unguwar Birni. Ruwa a garin nan kowa ya san darajarsa. Me zai sa in huda manyan ramuka ya riƙa zuba? Ba gara in toshe ɗaya, in kuma sa tsakuwa a ƙasa ba?

Amsa: Hajiya, mun fahimci ciwon, wanda ya taɓa jiran bido a layin famfo ba ya son ganin ruwa a ƙasa. Amma saiwa tana numfashi, kuma ruwan da ya ratsa ya fita shi ne ke jawo sabuwar iska a bayansa, ya kuma wanke gishiri. Ki gwada da soson katifa: ki jiƙa shi ki kwantar a tafin hannu har ya daina ɗiga, sannan ki tsayar da shi, za ki ga ya sake zuba. Haka ƙasa take. Kasko marar zurfi kwantaccen soso ne, ƙasansa na daɗewa a jiƙe ko da sama ta bushe. Tsakuwa a gindi ba ta gyara wannan, ɗaga jiƙaƙƙen wurin take yi ya ƙara kusantar saiwa.

Gyaran yana cikin ƙasar kanta, ta zama mai ƙwaya-ƙwaya daga sama har ƙasa. Japanawa suna da tasu, akadama, mu kuma muna da tsingaro. Ki haɗa awo 2 na dakakken tsingaro ko jan bulo gasasshe, ƙwaya daga girman dawa zuwa girman wake, da awo 1 na yashi mai gwaɓi, da awo 1 na takin da ya shekara ya ruɓe, da ɗan gawayi. Ki tankaɗe ƙurar ki zubar, ita ce ke toshe komai. Ramukan ki rufe su da yankin ragar roba, ki maƙale da waya, don kada ƙasa ta zube ko tururuwa ta shiga. Ruwan da ya tsiyayo ki tare a tasa ki ba babban itacen tsakar gida.

A bazara ban ruwa safe da la'asar ne, itacen ya sha hantsi zuwa ƙarfe 11 sannan inuwa. Ki ɗora kaskon a kan tire mai jiƙaƙƙen yashi, ƙafafun su taɓa yashin amma gindin kada ya zauna cikin ruwa. A Agusta kuwa in sama ta ɗinke kwana biyu, ki sa dutse a ƙarƙashin gefe ɗaya kaskon ya karkata.

Tambaya: Ina son kasakena su yi ƙyalli kamar tangaran, shuɗi ko kore. An ce in niƙa tozali ko dalmar tsohon batir in shafa kafin gashi. Daga mai karatu a Zango.

Amsa: Kada ka kuskura. Gaskiya ne dalma tana narkewa a ƙaramar wuta ta ba da ƙyalli, amma guba ce, ƙurarta da hayaƙinta suna shiga jini, kuma yara ƙanana ta fi yi wa lahani, a ƙwaƙwalwa. Babu kaskon da ya kai wannan. Ƙyallin da ba shi da dalma yana bukatar tanderun da ake iya sarrafa wutarsa sama da digiri 1,000, na toka ma sai wajen 1,250. Ladi Kwali, maginiyar da hotonta ke bayan naira 20, sai da ta shiga, a 1954, cibiyar koyon ginin tukwane da Baturen magini Michael Cardew ya kafa a Abuja ta da, wato Suleja ta yau, sannan tulunanta suka sami irin wannan ƙyalli, don can ne akwai tanderun. Ko masu tanderu ma waje kawai suke shafawa, cikin kaskon bonsai a bar shi da kaushinsa saiwa ta sami abin kamawa.

Abin da ke hannunka ya isa. Dama jan yumɓu mai laushi da ruwa mai yawa, bar shi ya kwana, kwashi na saman, shafa sau biyu a bayan kaskon yana taurin sabulu, sannan ka goge da santsin dutse har ya ɗauki ido. Gugar tana toshe ƙofofin fata, tana rage tsattsafo ba tare da ta kashe shi ba, abin da muke so ke nan a nan. In kana son ruwan ƙasa mai dabbare-dabbare, tafasa bagaruwa ka yayyafa da tsintsiya kaskon na da zafi. Turara shi a ƙaiƙayi yana ba da baƙi mai kyau, sai dai baƙi na zuƙar rana, a bar shi ga itacen da ke zaune a inuwa. Fentin mai kuwa danshin da ke fitowa daga ciki zai tayar da shi ya yi ta ɓarewa.

Tambaya: Farin abu kamar kanwa ya fito a leɓen kaskona. Zai kashe itacen?

Amsa: Na jikin kasko ba ya kisa, amma shaida ce cewa ruwanka na da zartsi ko taki ya yi yawa. Goge shi da buroshi. In kaskon babu shuka, jiƙa shi awa 2 a ruwa awo 4 da ruwan khal awo 1, ka ɗauraye sosai. Sau ɗaya a wata ka yi wa itacen ban ruwa mai yawa, kamar cikin kaskon sau uku, ya wanke ƙasar. Da damina ka tari ruwan indararo, babu kamarsa. In bakin ganye ya fara ƙonewa, a dakatar da taki.

Tambaya: Daga Gure. Shukar kariyata ta fasa kaskonta gida biyu. Ina kuma da ƴar kuka mai shekara 2 a bokiti, da na tona sai na ga saiwa ɗaya kamar rogo. Ta yaya za ta shiga kasko marar zurfi?

Amsa: Kariya tana ajiye ruwa a gindi da saiwa, kullum kumbura take, kuma ba ta san bango ba. In leɓen kasko ya lanƙwaso ciki, ko bangon ya miƙe sak, ba ta da inda za ta sai ta fasa. A kasko mai buɗaɗɗen baki kuwa ɗaga kanta take yi sama. Ka bar mata yatsa uku tsakanin gindi da bango, ka sake mata wuri duk shekara 2. Ka kula da ruwan jikinta, dafi ne, kada ya taɓa ido ko baki, a wanke hannu da wuƙa bayan aiki. Fasasshen kaskon in gida biyu ne cif ana iya manne shi da gam mai haɗi biyu irin Araldite bayan ya bushe ƙayau, in ya wuce haka a daka shi ya shiga haɗin ƙasa.

Kuka kuwa ba a kai ta kaskon ado da tsalle ɗaya, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma a hankali. Lokacin aikin ƙarshen bazara ne, da ka ga idon ganye ya fara kumbura. Yanke kashi ɗaya cikin uku na rogon daga ƙasa da wuƙa mai kaifi, barbaɗa garin gawayi, ajiye ta a inuwa kwana 5 zuwa 7 ciwon ya bushe. Dasa ta a roba mai faɗi da ka huhhuda, da fasasshen tayil a ƙarƙashin yankan don sabbin saiwoyi su bazu gefe. Kada ka ba ta ruwa sai bayan mako guda. Bayan shekara 2 ka maimaita. A karo na uku ne za ta shiga kasko, shi ma mai zurfin santimita 10 zuwa 12, kuma a haɗin ƙasarta da na kariya a rage taki zuwa rabin awo.

Ranar dashen ka jiƙa sabon kaskon ya kwana a ruwa, in ba haka ba zai tsotse danshin ƙasar ya bar saiwa da ƙishi. Zura wayar alminiyam mai kaurin milimita 2 ta ƙananan ramukan, zuba ƙasa ka yi ɗan tudu, zaunar da itacen, murɗa wayar a kan saiwa da guntun tiyo a tsakani don kada ta ci jiki. Tura ƙasa cikin saiwoyin da tsinke har babu kogo. In ka ɗaga itacen a hankali kaskon ya biyo shi ba tare da girgiza ba, ɗaurin ya yi. Da kuka ta zubar da ganye bayan kaka, ɗauke mata ruwa kusan gaba ɗaya, ɗan yayyafi sau ɗaya a wata ya ishe ta har ta sake toho.